Sharhi: Ramin da ke cin mai shiga da mai ceto

Masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan bayin Allahn nan ne da muke nema idan masai ya cika, ko sokawe ta toshe, ko famfon janye ruwan ƙazanta ya tsaya. A nan Kano har suna muka laƙaba musu, 'yan gidan kowa da akwai. Mukan nuna musu rami daga nesa, mu toshe hanci, mu koma ɗaki. Abin da ke jiransu a ƙasan ramin kuwa, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambaya.

Galibin gidajenmu ramin masai ne da sokawe. Amma a manyan wurare, irin otal-otal, asibitoci, rukunin gidaje da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, akan samu wani rami mai zurfi na kankare inda ruwan bayi, na kicin da na wanki ke taruwa, sannan famfo ya tura shi gaba. Yau da gobe maiƙo ya daskare a bango, yashi ya kwanta a ƙasa, leda da tsumma su shaƙe famfon. Daga nan sai a ce a samo yaro mai ƙarfin hali ya sauka ya gyara.

Wannan saukar ita ce ke kisa, kuma ba zurfin ruwan ke fara yin kisan ba. Duk inda ƙazanta ta kwanta a rufe tana ruɓewa, takan fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda masana ke kira haidirojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a ƙasa take kwanciya, daidai inda mai aiki zai sunkuya. Ku saurari makircinta da kyau. Idan kaɗan ce, hanci zai ji warinta. Idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin wari gaba ɗaya, mutum ya ɗaga kai ya ce wa na sama ai warin ya tafi, alhali a lokacin ne ya shiga haɗari sosai. Idan ta kai kashi 700 zuwa 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato, ba ihu ba salati. Zafin bazara irin namu na Maris da Afrilu ƙara mata ƙarfi yake yi. Kuma ko da ramin ya yi kamar lafiya lau da farko, da zarar shebur ya motsa dagwalon da ke ƙasa sai ta taso gaba ɗaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Iskar da ke rayar da mu, wato oksijin, kusan kashi 21 cikin 100 ce a sarari. A rami rufaffe takan ragu, kuma ƙa'idar aiki ita ce idan ta gaza kashi 19.5 ba a shiga. Akwai kuma iskar mitan, 'yar uwar gas ɗin girki, wadda ƙyastin ashana ɗaya ke iya tayar da ita. Ga hayaƙin janareta ko injin ban ruwa da ake ajiyewa a bakin rami, yana gangarawa ciki ba wanda ya lura.

Shi ya sa dabarun da aka gada ba su wadatar ba. Zura fitila a igiya, kamar yadda masu haƙar rijiya ke yi, na iya nuna ƙarancin iska, amma fitila za ta ci gaba da ci a cikin gubar da za ta kashe mutum nan take, in kuma akwai mitan ita ce za ta haddasa gobarar. Kananzir da ake zubawa wari kawai yake dannewa. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin da muka saba da shi lokacin korona, ƙura yake tarewa, iskar guba wucewa take yi abinta.

Yanzu bari mu zo inda abin ya fi ciwo. Sau nawa muka ji labari a wannan gari, mutum ɗaya ya faɗi a rami, amma gawa biyu ko uku jami'an kashe gobara suka fitar? Na farko ya yi shiru, ƙaninsa ya kira sunansa bai amsa ba, ya sauka. Shi ma ya yi shiru, maƙwabci ya bi su. Ba a nan kaɗai ba ne. Tun a 1986 hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙunci, waɗanda suka shiga ceto ne. Wallahi ba na ganin laifin wanda zuciyarsa ta kasa jure ganin ɗan uwansa kwance. Zumunci ne da tausayi. Amma iskar da ta kayar da na farko tana nan ba ta je ko'ina ba, kuma riƙe numfashi ba zai kai ka ƙasa ka ɗauko mutum ka hauro da shi ba.

To yaya aikin yake idan an yi shi daidai? Mafi alheri shi ne kada kowa ya shiga. Motar zuƙe masai da tiyo mai ƙarfin ruwa suna yin mafi yawan aikin daga sama, kuma famfon da aka girka da sarƙa ana iya jawo shi waje a gyara shi a sarari. Idan shigar ta zama dole, a fara kashe wutar famfon a sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mai shiga, domin irin waɗannan famfuna da kansu suke tashi idan ruwa ya kai wani matsayi. A toshe bututun da ke kawo ruwa. A zura na'urar gwajin iska, 'yar ƙarama ce da ba ta fi tafin hannu ba, a gwada sama, tsakiya da ƙasan rami, sannan a maƙala ta a jikin mai aiki har ya fito. Fankar hura iska ta yi ta aiki ba tsayawa. Mai shiga ya sa ɗamara a jiki haɗe da igiya da abin jawowa mai ƙafa uku a bakin rami, kuma a ajiye mutum guda a sama wanda ba shi da wani aiki sai kallonsa da yi masa magana. Ba a aikensa sayen ruwa, ba ya ɗaukar waya.

Wani zai ce wa zai sayi duk wannan? Lebura mai neman na cefane ba zai iya ba, kuma bai kamata a ɗora masa ba. Nauyin yana wuyan mai otal, mai masana'anta, mai asibiti da ɗan kwangilar da ya karɓi aikin. Wanda ya iya gina bene mai hawa huɗu bai rasa kuɗin na'urar gwaji da fanka ba. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta yi tanadi a kan shiga wuraren da ake tsoron iska mai guba, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta tanadi haƙƙin wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Indiya, da ta daɗe tana binne irin waɗannan ma'aikata, ta yi doka a 2013 da ta haramta tura mutum cikin ramin ƙazanta ba tare da kayan kariya ba. Muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha da Ma'aikatar Ƙwadago su yi wa masu wannan sana'a rajista, a horar da su, a samar da kayan da ƙungiyoyinsu za su riƙa aro. Mu daina rufe maganar da cewa kwana ne ya ƙare. Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma akwai hisabi a kansa.

Kai kuma maigida, ko kai Malam mai kula da gini, idan abin ya faru a gabanka, tare bakin ramin, kada ka bari kowa ya sauka ko da ɗan uwan wanda ya faɗi ne na jini. A kira jami'an kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112, a kunna fanka tana hura iska ciki, a jawo shi da igiya daga sama. Idan ya fito ba ya numfashi, a kwantar da shi a sarari a fara danna masa ƙirji. Ko da ya farfaɗo ya ce garau yake, kada a ba shi madara a sallame shi gida. A kai shi asibiti, domin wannan iska kan sa ruwa ya taru a huhu bayan wasu sa'o'i.