Ayutthaya: Kufan Birnin Sarakunan Siyam a Tsakiyar Koguna Uku

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan da kuke gani taswirar tsakiyar ƙasar Tailan ce. Ga Bankok can ƙasa, dab da teku. Ku bi kogin Chao Phraya da ido, ku nausa arewa kamar kilomita 80, za ku iske inda koguna uku suka yi wa wani fili ƙawanya: Chao Phraya da Pa Sak da Lopburi. A kan wannan tsibiri Sarki U Thong ya kafa birnin Ayutthaya a 1350, kuma daga nan aka mulki ƙasar Siyam, tsohon sunan Tailan, har shekara 417, sarki 33 suka hau gado.

Kada ku ɗauke ido daga ruwan nan, don shi ne arzikin birnin, shi ne kuma garkuwarsa. Jiragen fatake suna shigowa daga teku su hauro kogi har bakin ganuwa, su sauke yadi da tangaran da bindigogi, su ɗauki fatun barewa da itacen rini da kuza da shinkafa. Turawan Fotugal ne suka fara zuwa a 1511, daga baya na Holan da Ingila da Faransa suka biyo, ga Sinawa, ga Japanawa, ga Farisawa. Turawa da Japanawa an yanka musu unguwanni a bakin kogi, kudu da ganuwa. A 1686 har jakada Sarki Narai ya aika fadar Louis na 14 a Faransa.

Cikin baƙin nan akwai wani falke daga garin Ƙum na Iran, Shehu Ahmad, wanda ya iso a farkon ƙarni na 17. Ya samu shiga a fada har aka naɗa shi Chularatchamontri, wato shugaban Musulmin ƙasar, sarautar da ake naɗawa har gobe. Zuriyarsa, gidan Bunnag, sun daɗe suna riƙe da manyan muƙamai a Siyam. Kabarinsa yana cikin harabar Jami'ar Rajabhat ta garin, amma motocin 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa nan ba.

Inda suke tsayawa shi ne Wat Mahathat, wurin bautar da aka fara ginawa a 1374. Hoton nan da ya zagaya duniya daga nan yake: kan gunkin Buda na dutse, saiwoyin bishiya sun naɗe shi, fuska kawai ta leƙo. Yadda kan ya je gindin bishiyar, zance ya rabu. Wasu sun ce ɓarawo ne ya ɓoye shi bai dawo ba. Wanda zai ɗauki hoto a wurin sai ya zauna ko ya durƙusa, kada kansa ya fi na gunkin tsayi, kuma masu gadi ba sa wasa da wannan. Jerin gumakan da kuke gani babu kai kuma, ba duka yaƙi ne ya fille su ba. Da yawa masu sayar da kayan tarihi ne suka yi musu haka.

Tsallaka titi kawai, ga Wat Ratchaburana, kuma a ganina nan ne labari yake. A 1424 Sarki Intharacha ya mutu. 'Ya'yansa biyu manya suka hau giwaye, suka gwabza a kan gadon sarauta, dukansu suka mutu a wurin. Ƙaninsu Chao Sam Phraya, wanda bai ɗaga takobi ba, shi sarautar ta faɗa wa. Ya gina wannan wuri a inda aka ƙone gawarwakin yayyensa, aka binne dukiya a ɗakin ƙarƙashin doguwar hasumiyar. Shekara fiye da 500 tana nan kwance. A 1957 ɓarayi suka haƙa, suka kwashi zinariya. An kama wasu, an ƙwato wani kaso, sauran ya bi duniya. Da hukuma ta shiga haƙa da kanta, sai ta tarar da ƙananan allunan Buda masu ɗimbin yawa, aka sayar da wasu ga jama'a, da kuɗin aka gina gidan tarihi na Chao Sam Phraya, aka buɗe shi a 1961. Ku shiga ku ga takobin zinariya da giwar zinariya a durƙushe. Wanda ya tsaya ga jan bulo kaɗai zai zaci birnin talakawa ne.

Hasumiyoyi ukun nan masu kama da ƙararrawa, su ne Wat Phra Si Sanphet, wurin bautar da ke cikin fada. Tokar sarakuna uku ce a ciki: Sarki Borommatrailokkanat da 'ya'yansa biyu. A da akwai gunki tsayayye a nan mai tsawon mita 16, an lulluɓe shi da zinariya.

To, ina zinariyar? Mu koma kan ruwa. Dabarar Ayutthaya a yaƙi ita ce haƙuri: a shige ganuwa, a rufe ƙofa, a jira damina. Da ruwa ya cika filayen da ke kewaye, dole maharan su tattara su tafi. Dakarun Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, sun taɓa cin birnin a 1569, amma Sarki Naresuan ya ƙwato 'yancinsa. Da suka dawo a 1766, a zamanin Sarki Hsinbyushin, sai suka zo da shirin damina. Suka kafa sansani a kan tudu, suka tanadi kwale-kwale, ruwa ya zo ya janye suna nan. Bayan kimanin wata 14 yunwa ta gama da na ciki, aka haƙa ƙarƙashin ganuwa aka cinna wuta, birnin ya faɗi a Afrilun 1767. Aka narkar da zinariyar gunkin, aka kora dubban mutane zuwa Bama. Sarki Taksin, wanda ya karɓi mulkin Siyam bayan faɗuwar birnin, bai sake gina shi ba, ya koma Thonburi, a hayin kogi daura da Bankok. Da aka kafa Bankok a 1782, har bulon Ayutthaya aka yi ta lodawa a jirgi ana gina sabon birni da shi.

Idan rana ta yi sanyi, ku ɗauki jirgin kwale-kwale ku zagaya tsibirin. Ta haka za ku tunkari Wat Chaiwatthanaram yadda sarakuna suke tunkararsa, daga kogi. Sarki Prasat Thong ya gina shi a 1630 da salon ginin Khmer na Kambodiya, babbar hasumiya a tsakiya, ƙanana takwas kewaye. A ambaliyar 2011 ruwa ya shanye harabarsa, aka ɗauki shekaru ana gyara, duk da cewa tun 1991 UNESCO ta sa kufan birnin cikin kayan tarihin duniya. Jirgin yakan tsaya kuma a Wat Phanan Choeng, inda gunki zaunanne mai tsawon mita 19 ya girmi birnin kansa, tun 1324 yake nan. Wannan ba kufai ba ne, ana ibada a ciki, saboda haka a cire takalmi, a rufe kafaɗa da gwiwa.

Mai lokaci ya gangara Bang Pa-In ya ga fadar hutun Sarki Chulalongkorn. Mai kwana ɗaya ya haƙura da ita.

Daga Bankok jirgin ƙasa yana kai mutum cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, daga tasha sai a tsallaka kogin Pa Sak a ƙaramin jirgin fito, a yi hayar keke ko tuk-tuk, wato babur mai ƙafa uku. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin yawo. Afrilu zafi ne mai tsanani, Satumba da Oktoba kuma lokacin cikar kogi. Batun abinci, taliyar nan da garin ya yi suna da ita, wadda a da ake sayarwa daga cikin kwale-kwale, sau da yawa da naman alade ko jini ake haɗa romonta, don haka a tambaya kafin a zauna. Musulmi suna da yawa a lardin, shagunan halal ba sa wuyar samu, kuma a hannunsu aka san roti sai mai, alawa mai silili kamar gashi da ake naɗewa cikin siririyar waina. Masu sayar da ita suna jere a titin U Thong, daura da babban asibitin garin.