Wannan zafin ba zagayowar zamani ba ne

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum daga nan Yamai.

Maganar nan ta sake dawowa a fadojin shayi, har a bakin waɗanda suka yi karatu: wai canjin yanayi babu hannun ɗan'adam a ciki, zagayowar zamani ce kawai. An yi fari a 1973, an yi a 1984, ruwa ya dawo, to na mene ne tada hankali? Maganar tana ɓata mini rai, domin rabinta gaskiya ce, kuma da rabin ake rufe wa mutane ido.

Gaskiya ne duniya tana da nata juyi. Wanda ya ga zanen raƙuman dawa a dutsen Dabous, arewa da Agadas, ya san Sahara ta taɓa zama ƙasar ciyawa da tafkuna. Sauyin karkatar duniya da na hanyar da take kewaya rana ne ya kawo haka. Amma wannan juyin tafiyar hawainiya yake yi: shekara 23,000, shekara 41,000, shekara 100,000. Mu kuwa cikin shekara 150 kacal zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma tunda aka fara rubuta awo ba a ga shekara mai zafin 2024 ba. Wane zagaye ne yake wannan gudu? Babu shi.

Sai su ce rana ce ta ƙara ƙarfi. Tun 1978 taurarin ɗan'adam suke auna ta. Tana ɗan hawa da sauka duk shekara 11, amma ba ta ƙaru ba. Da rana ce, da iskar sama da ta ƙasa duk sun ɗau zafi tare. Abin da aka auna shi ne ta kusa da mu tana zafi, ta can ƙololuwa tana sanyi, kamar wanda ya lulluɓa da bargo. Bargon kuwa iskar kabon ce. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420. Ƙanƙarar Antaktika ta adana iskar shekara 800,000, kuma ba a tarar da lokacin da ta wuce 300 ba. Duwatsu masu aman wuta fa? Abin da suke fitarwa kusan kashi 1 ne cikin 100 na wanda mutane ke fitarwa daga fetur da gas da kwal.

Kada kuma a fake da cewa ikon Allah ne. Komai da ikonsa yake, amma mai toshe magudanar ruwa da shara ba ya kuɓuta da wannan amsar.

Batun ruwan sama ya fi wuya, na yarda. Ɗumin tekuna yana juya daminarmu, kuma ambaliyar Yamai ba zafi kaɗai ke kawo ta ba. Da kogin Kwara ya kai wajen santimita 700 a Satumbar 2020, alhali a 620 ake shelar haɗari mafi girma, akwai laifin sare itatuwa da ƙasar da ta yi tauri ta daina shan ruwa, sai Sirba da Dargol da Gorouol, kogunan da ke zuba a Kwara, su kwararo shi gaba ɗaya. Ga yashi da ya cike kogin, ga gidaje a kan hanyar ƙorama. To wannan ma ba hannun mutum ba ne? Sannan duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana ɗaukar ƙarin danshi kashi 7 cikin 100. Bincike ya nuna manyan hadura masu ɓarna a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun ga 2024, da mutane fiye da 300 suka rasu a ƙasar nan, tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

Illar maganar zagaye ita ce tana sa mutum zaman jira. Hayaƙin Afirka duka bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma kabon da ya riga ya hau sama zai yi ɗaruruwan shekaru a can. Injiniyan da ya gina shingen bakin kogi ko gada da awon ruwan shekarun 1980 ya gina abin da ruwa zai haura. Manomin Tawa da ke jiran daminar kakanni ta dawo, bai haƙa tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwa a gona, ba, bai nemi irin hatsi mai saurin nuna ba, ruwan kwana ɗaya zai wanke masa gona, sannan a yi mako uku babu ɗigo.