Tsutsar Teku a Cikin Abincin Ƙaguwa

Assalamu alaikum. Jama'a, wanda ya farke tumbin ƙaguwa zai fara cin karo da ɓaraguzan ɓawon dodon koɗi da ƙayar kifi, sai ya ɗauka tsutsa ba ta cikin lissafi. Kuskure ne babba. A cikin tumbin nan akwai haƙora 3 masu niƙa, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Tsutsar teku kuwa jikinta taushi gare shi, nan da nan take narkewa. Abin da ke saura sai 'yan gashin jikinta masu tauri da muƙamuƙanta, su ma sai da madubin likita ake ganinsu. Saboda haka in kuna son ganin tsutsar a tumbin, ku kama ƙaguwa da dare ko da asuba, lokacin da take kiwo, ku jefa ta cikin ƙanƙara nan take. In kun yi jinkiri, shaidar ta narke.

Ba da ido ƙaguwa take farautar tsutsa ba. Tsinin ƙafafunta na da gashi mai jin ɗanɗano, da shi take caccakar laka har ta gano ramin, sannan ta tono. Ƙanana sun fi dogara da wannan abinci, domin hannunsu bai yi ƙwarin fasa ɓawo ba tukuna.

Mu zo kan masu kiwo. A Iloilo ta ƙasar Filifin, cibiyar bunƙasa harkar kifi ta Kudu maso Gabashin Asiya, wato SEAFDEC, ta yi aikin kiwon tsutsar laka mai suna Marphysa domin ciyar da iyayen ƙaguwar laka mai suna Scylla. Dalili shi ne kitsen jikin tsutsar, irin su EPA da DHA, da ke taimaka wa ƙwai ya nuna. Ana ba uwa ɗanyen abinci kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kullum, a haɗa tsutsa da naman kifi da sauran naman teku. Kada a ba ta tsutsa zalla. Abin da ta rage a kwashe shi da wuri, in ba haka ba ruwa ya ɓaci.

Inda nake son ku buɗe kunne shi ne tsutsar da aka tono a bakin teku. Tana iya ɗauko ƙwayar cutar farin ɗigo, wadda ke halaka jatan lande, ta kuma kama ƙaguwa. Daskarar da ita a firiza ba ya kashe wannan ƙwaya. A ajiye tsutsar kwana guda cikin tsaftataccen ruwan gishiri ta fitar da lakar cikinta, amma wannan ma bai isa ba. Wadda aka kiwata a killace, aka gwada ta a ɗakin bincike, ita kaɗai ta cancanci shiga tankin uwa.