Idan Darasin WhatsApp Ya Ƙona Hannu, Wa Ke Da Alhaki?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya taso ne daga wata jimla da ta zama ruwan dare a ƙasan tallace-tallacen da ke yawo a wayoyin mutanen Bauchi: ba a mayar da kuɗi, kuma ba mu da alhakin duk abin da ya biyo baya. Za ka gan ta a tallan ajin WhatsApp na haɗa sabulu, da na man gyaran fata, da littafin PDF na rage ƙiba, da darasin kasuwancin kirifto. A tura naira dubu biyu ko uku, a jefa mutum cikin guruf, shi ke nan. To, wannan jimla ba doka ba ce, kuma ba ta wanke wanda ya karɓi kuɗin.

Gaskiya ne akwai giɓi, ba za mu ɓoye shi ba. Idan ka ɗauki kwalbar man shafawa a kasuwar Wunti, kana da abin dubawa: lambar NAFDAC, sunan kamfani, adireshi, ranar lalacewa. Wayar lantarki da siminti kuwa, hukumar SON ce ke kula da ingancinsu. An gina waɗannan ƙa'idoji ne a kan abin da ake riƙewa a hannu, a kai shi ɗakin gwaji, a kwashe shi daga kasuwa idan ya gaza. Littafin cikin waya ba ya fashewa, ba ya ruɓewa. Ko a Turai batun ya ba da wahala. A shekarar 2021 babbar kotun Tarayyar Turai ta duba ƙarar wata mata a Ostiriya da ta bi shawarar wata jarida, ta ɗaura wa ƙafarta saiwar wani tsiro mai zafi. Jaridar ta rubuta awa biyu zuwa biyar, alhali minti biyu zuwa biyar ya kamata. Fata ta ƙone, amma kotu ta ce gurguwar shawara ba ta mai da jarida gurɓataccen kaya ba. A wannan giɓin masu sayar da darussa suke fakewa.

Sai dai dokar lafiyar kaya ba ita kaɗai ce doka ba. Najeriya tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ba ta tsaya kan kaya kawai ba, ta haɗa da aikin da aka biya kuɗi a yi. Koyarwa aiki ne. Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun bayani da harshe mai sauƙi da zai fahimta. Ta hana talla da ƙarya ko da ruɗi. Ta ce aikin da aka biya dole ya zo a kan lokaci, da irin ingancin da mai hankali zai sa rai, idan ya gaza a gyara ko a mayar da kason kuɗin da ya dace. Ta kuma hana sharaɗin da zai sa mai saye ya yafe haƙƙin da doka ta ba shi. Saboda haka wanda ya yi alkawarin darasi goma ya ba da huɗu ya kashe waya, jimlar nan tasa ba ta tsinana masa komai ba. Ya karɓi kuɗi, alhaki ya hau kansa.

Mu dubi ajin sabulu, don a nan ne abin ya fi ban takaici. Kostik soda, sinadarin da ake haɗa sabulu da shi, ba gishirin miya ba ne. Ana zuba shi cikin ruwa a hankali ana juyawa, ba a zuba ruwa a kansa, domin yana tayar da zafi mai tsanani, yana iya fantsama a fuska. Ba a jiƙa shi a tukunyar alminiyam, yana cinye ta, yana fitar da iska mai kama wuta. Roba mai kauri ko ƙarfe marar tsatsa ake amfani da shi. Ana buƙatar safar hannu da kariyar ido da wuri mai iska, yara kuma a nesa. Idan ya taɓa fata, ruwa mai gudu ake sakar mata na aƙalla minti ashirin, ba manja ba, ba man goge baki ba. Awo kuma da sikeli ake yi, gram nawa na soda, gram nawa na mai, domin kowane mai da adadin sodar da yake ɗauka. Amma me ake turo wa ɗalibai? Gwangwanin madara ɗaya, murfin jarka biyu. Wane gwangwani? A cike ko a shafe? Idan soda ta yi yawa, sabulun zai saɓule fatar mai wanka. Sabulun sanda da aka haɗa ba a dafa ba yana buƙatar mako huɗu zuwa shida kafin a yi amfani da shi, amma malama ta ce a fara sayarwa jibi. Ga kuma masu koyar da haɗa ruwan wanke bayan gida, ba su faɗa cewa haɗa bilic, wato ruwan faranta tufafi, da sinadari mai asid yana fitar da iskar kulorin da ke shaƙe mutum a ɗaki rufaffe. Darasin da ya tsallake waɗannan bai cika ba, an sayar da rabin aiki ne a kuɗin cikakke.

Na gyaran fata ya fi muni. Ana koya wa 'yan mata su matse tub na maganin sitiroid cikin man shafawa, magungunan da likita ke rubutawa don ciwon fata na ɗan lokaci. Dogon amfani da su yana sirantar da fata, ya tsattsaga ta, ya buɗe ƙofa ga ƙuraje da cututtuka. Wasu haɗe-haɗen har da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. NAFDAC ta haramta irin waɗannan a kayan kwalliya. Yaya za a hana sayar da kwalbar, amma a bar sayar da yadda ake cika ta?

Kuma ga inda zaluncin yake. Ranar da ɗaliba ta ɗura haɗinta a roba ta kai kasuwar Muda Lawal ko ta tallata a unguwa, ta zama mai sarrafa kaya a idon hukuma. Ita za a tambaya rajistar NAFDAC, ita za a kama idan fatar wata ta lalace. Malamar da ta karɓi kuɗin mutum ɗari ta riga ta buɗe sabon guruf.

Za a ce ai ilimi ne, ba wanda aka tilasta wa, kuma matsa wa masu wannan sana'a zai kashe wa mata da matasa hanyar abinci. Haba! Ba wanda ya ce a rufe azuzuwan. Matar da ke cikin gida a Azare ko Misau ta koyi sana'a ta waya, wannan alheri ne babba. Amma rubuta gargaɗi layi biyar nawa yake ci? Sikeli nawa ne? Mai koyarwa na gaskiya ba ya asarar komai idan ya bayyana cikakken sunansa da inda yake, da abin da darasin ya ƙunsa, da yawan kwanakinsa, da sharaɗin mayar da kuɗi, kafin a biya. Wanda wannan zai kashe wa kasuwa, dama ba ilimi yake sayarwa ba.

Ko hukumomi suna da ma'aikatan da za su bi kowane guruf? Da wuya. Amma talla a fili ake yin ta, a Facebook da TikTok, kuma dokar 2022 ta ba ARCON, hukumar kula da harkar talla, ikon tantance tallace-tallace, har da na intanet. Mai alkawarin warkar da ciwon suga a shafi ashirin, ko ninka jari cikin mako guda, ba ɓoye yake ba, lambar asusunsa tana jikin tallan.

Kai kuma mai saye, kafin ka tura ko sisi, ɗauki hoton tallan da alkawuran da ke ciki, domin ana goge su. Tura kuɗi ta asusun banki mai suna, kada ka biya da katin waya, ka kuma adana shaidar biya. Idan an yi maka alkawarin takardar shaida, tambayi wace hukuma ta amince da ita, NBTE ce mai kula da makarantun fasaha ko NUC mai kula da jami'o'i. Idan aka saɓa, fara rubuta wa mai darasin buƙatarka a rubuce, da kwanan wata. Idan ya yi kunnen uwar shegu, FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, batun magani da kayan shafa kuma a kai shi ofishin NAFDAC da ke nan Bauchi, tare da hotunan da ragowar haɗin a cikin robarsa.