Hotunan ginin dam ɗin Kainji: yadda ake karanta su da adana su

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai da kuka taru nan Samaru ta Zariya, barkanmu da yamma.

An fara ginin dam ɗin Kainji a kan Kogin Kwara a 1964, aka kammala a 1968, ƙarshen aikin ya faɗo cikin yaƙin basasa. Kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi kwangilar. An tsara wa injina 12 wuri, aka girka 8 masu ba da wutar lantarki megawat 760. Ruwa ya cinye tsohon garin Bussa, mutum wajen 44,000 suka tashi daga garuruwansu.

Yawancin hotunan da suka rage na kamfani ne da na gwamnati, an ɗauke su ne don a nuna wa masu ba da rance, irin su Bankin Duniya, inda aiki ya kai. Shi ya sa kankare ke cika tsakiyar hoto, leburori kuwa can ƙasa kamar tururuwa. Mai neman rayuwar ma'aikata sai ya sa gilashin ƙara girma ya bi gefe-gefe. Nan ne za ka ga mai tuwo da tukwanenta, tela da kekensa, rumfunan zana a bayan gidajen kwano, da filin salla da aka kewaye da duwatsu. Duba wa ke da hular kwano da takalmin aiki, wa ke ɗauke da kwanon kankare a ka da silifa. Duba tazarar da ke tsakanin gidajen injiniyoyi da barikin leburori. Wannan, a ganina, ya fi tsayin bangon daraja ga mai tarihi.

To, hoton da ba shi da kwanan wata fa? Fara da matakin aiki, domin yana da jeri: shingen wucin gadi da ke karkatar da ruwa, fasa dutse, zuba kankare kashi-kashi, ƙofofin sakin ruwa, sannan cikar tafki a 1968. Sai motoci da kuɗi, waɗanda ke taimakawa wajen bambanta hoton Kainji da na wasu dam-dam. Najeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu a Afrilun 1972, naira ta maye gurbin fam da sule a Janairun 1973. Allon farashi da sule ba zai zama na dam ɗin Bakolori ba, wanda aka gina daga 1974 zuwa 1978. Dam ɗin Tiga ne mai rikitarwa, don aikinsa ya ratsa sauyin biyu. Kuma kada cikar kogi ta ruɗe ku. Kwara na cika sau biyu a Kainji, ɗaya da damina, ɗaya cikin hunturu idan ruwan Gini da Mali ya iso, saboda haka kogi maƙil ba shaidar watan Agusta ba ne.

Hotunan da suka fi nuna mutane suna cikin akwatunan gidaje a Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni, kuma yanayinmu na cin su. Laimar damina na narkar da fuskar hoto ya manne da ɗan'uwansa, bushewar hunturu ta nannaɗe shi ya tsage, gara ta ƙarasa. Hoton da ya manne, kada a ɓamɓare shi. Kada a like shi da leda mai zafi, ba ta cirowa. Rubutu a bayansa da fensir kawai, tawadar biro na ratsowa. Negatif, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga gare shi, idan ya fara warin tsami a ware shi nan take, domin iskar da yake fitarwa na lalata sauran. A ajiye kowane hoto cikin ambulan nasa, a ɗaga akwatin daga ƙasa, nesa da bangon waje.

Wajen kwafa a kwamfuta, a sa ɗigo 600 a kowane inci, gaba da baya, don hatimin mai hoto yana bayan hoton ne, a ajiye kwafi a wuri biyu. Leburan da ke da shekara 20 a 1966 yanzu ya kusa ko ya kai 80. A kai masa kwafin da aka ƙara wa girma, a bar shi ya fara magana kafin a faɗa masa abin da ake zato, a naɗi muryarsa, a ba faifan lamba ɗaya da ta hoton.