Fuka-fuki ne ke ɗauke da jirgi, ba inji ba

Assalamu alaikum 'yan uwana Kanawa. Ina magana da ku ne daga wani ɗan fili da ke ƙarshen layin Myrtle Avenue, dab da filin jirgin saman Heathrow a Landan, inda mutane ke zuwa da kujerunsu su zauna kallon saukar jirage, kuma ba a karɓar ko kwabo. Yanzun nan wani Airbus A380 da ya taso daga Dubai ya ratsa ta saman kaina, na ji rugugin injinansa har cikin ƙirjina, kuma har yanzu tsigar jikina ba ta kwanta ba. Jirgin nan idan aka cika shi da mai da mutane da kaya, nauyinsa yana iya kai tan 575, faɗin fuka-fukansa kuwa ya kusa mita 80, amma ya zo a natse, tayoyinsa a sauke, hancinsa a ɗan ɗage.

Gwaggona da ke Fagge ta sha faɗa mini cewa ita abin da ke ba ta tsoro shi ne injin ya mutu a sama, jirgi ya rikito nan take. Gwaggo, idan an nuna miki wannan bidiyo, ki kwantar da hankalinki. Aikin inji shi ne ya zuƙo iska ta gaba ya watsa ta baya da ƙarfi, domin jirgi ya samu gudu. Fuka-fuki ne ke ɗaukar nauyin. An ƙera su da doro a sama, an kuma ɗan karkata bakinsu, ta yadda idan jirgi ya keta iska da gudu sai su danna ta ƙasa, ita kuma ta tura su sama. Iskar da ke bi ta kan doron ta fi sauri, don haka matsinta ya fi na ƙasan rauni. Duk wanda ya taɓa ganin yadda guguwar farkon damina ke yaye kwanon rufi a Kurna ko Rijiyar Lemo ya ga wannan ƙarfi da idonsa, sai dai a nan masana sun lissafa shi, sun kuma sa masa linzami. Shi ya sa jirgi ke fara sheƙa gudu a kan titinsa har ya haura kilomita 250 a awa kafin matuƙi ya ɗaga hancinsa.

Ko injinan duka sun tsaya, muddin akwai gudu fuka-fukan na aiki, kuma jirgin da ke tafiya a nisan kilomita 10 daga ƙasa yana iya sulalawa fiye da kilomita 100 kafin ya taɓa ƙasa. A watan Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani jirgi a birnin New York, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson, kuma duka mutum 155 da ke ciki suka tsira da ikon Allah.

Abin da ya fi taɓa ni ina nan tsaye shi ne tuna cewa mu ba baƙin wannan harka ba ne. 'Yan uwan nan biyu, Wright, sun yi tashinsu na farko a Amurka a 1903, na daƙiƙa 12 kacal, kuma zuwa 1925 jirgin sama ya riga ya sauka a Kano. Filin jirginmu na Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar, kuma ina faɗin haka ga duk wanda ya tambaye ni garinmu.

Sai dai ina jan kunnenku kan rigimar nauyin kaya, musamman alhazanmu da 'yan kasuwar Kantin Kwari. Iska mai zafi ba ta da kauri, saboda haka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, jirgi yana buƙatar ƙarin gudu da ƙarin tsawon titi kafin ya tashi, kuma kowane kilo yana cikin lissafin matuƙi. Ni kaina na taɓa biyan kuɗin ƙarin kaya da ya fi kuɗin kilishi da yajin da ke cikin jakar, raina ya sosu, amma ban ga laifin ma'aikatan ba. Haka kuma idan jirgi ya fara girgiza kuka hango fiffike yana lanƙwasa ta taga, kada ku firgita, domin da gangan aka ƙera shi ya riƙa lanƙwasa. Ku dai ɗaure bel ɗinku ko da fitilar gargaɗi a kashe take, saboda mafi yawan waɗanda ke jin rauni a irin wannan girgiza su ne waɗanda ba su ɗaure ba.