Fodkas: igiya da ƙugiya cikin jan ruwan Yamai

HADIZA: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, Hadiza ce daga nan Yamai, tare da Isufu da kuma Tonton Lawali wanda ya daɗe yana nutso da butel ɗin iska. Yau zancen igiya da ƙugiya za mu yi, yadda masu nutso ke aiki da su in ruwa na gudu kuma ba a ganin komi.

ISUFU: Ni dai ɗan Tawa ne, ruwan da na sani tabkin Tabalak, shi ma daga bakin gaɓa nike gaishe shi. Tonton, mutum na da iska a bayanshi, ga tabarau, ga takalman iyo, mi zai yi da igiya kuma?

LAWALI: Tabarau mi za su gwada maka? Je ka tsaya bisa gadar Kennedy cikin Agusta ko Satumba ka dubi gulbi, ja wur. Ƙananan gulaben Sirba da Dargol da Goruwal ne ke kwaso jar ƙasa daga wajen Burkina su zubo muna. In ka sauka ƙasa hannunka ma ba ka gani, ka kunna tocila hasken ya bugi laka ya dawo maka ido. Sai wajen Disamba da Janairu in ruwan Gine ya iso yake ɗan yin dama-dama, shi ma ba wani gani ba ne. To wanda bai gani bai san gabas ba bai san yamma ba, wani lokaci sama da ƙasa ma sai su rikice mishi. Igiya ita ka hwaɗa mishi inda jirgi yake.

HADIZA: Wa ke riƙe da ɗayan bakin?

LAWALI: Yauwa ɗiyata, aikin na wurin wannan mutumin. Yana cikin jirgi ko bakin gaɓa, idonshi bisa kumfar da mai nutso ke fiddawa, hannunshi bisa igiya, kuma igiyar dole ta zan a miƙe, in ta yi sako-sako magana ba ta wucewa kuma ta je ta nannaɗe wani kututture. Kafin a shiga ake shirya maganar, misali ja ɗaya lafiya lau, ja biyu sako min, ja uku zan hito, in kuwa ka ji ana ta fizga ba lissafi to matsala ce. Kowane gungu na da nashi tsari, abin da ba a so shi ne a je ƙasa sannan a fara tunanin mi ja biyu ke nufi. In ana neman wani abu, ko wanda ruwa ya ci Allah shi kiyaye, mai nutso na ƙasan jirgi ta inda ruwa ke gangarawa, ya shara dama ya shara hagu yana lalube da hannu, in ya kai ƙarshe a ƙara mishi igiya kamar kamu biyu ya sake, haka haka har a share wurin ba a tsallake ko'ina ba.

ISUFU: To ai da sauƙi, a ɗaure mutum a ƙugu tamau kamar guga, in an ji shiru a jawo.

LAWALI: Wannan ɗaurin naka shi ka kashe mutane Isufu. Ruwa mai gudu in ya samu mutum ɗaure a ƙugu ninke shi yake ya danna ƙasa, kuma ka sani in gudun ruwa ya ninka biyu ƙarfin da yake tura ka da shi ninka huɗu yake. Ƙulli kuma in ya jiƙa ya sha ja ba ya kwantuwa da hannu ɗaya cikin duhu. Ana maƙala igiya ne a ɗamarar ƙirji da maƙali wanda in ka fizge shi sau ɗaya ya sake ka. Sannan wuƙa da almakashi, duka biyu, a inda kowane hannu zai kai. Gulbinmu cike yake da tsohon taru da mamarin masunta, zaren nailon ɗin nan wuƙa zamewa take bisanshi, almakashi ya fi cin shi.

HADIZA: Ni abin da ya sa na kawo zancen ƙugiya, wani bidiyo na gani a Facebook, mutane jere cikin teku kowa da ƴar igiya ruwa na kaɗa su suna kallon manyan kifaye hankali kwance.

LAWALI: Ƙila Palawu ce, can tekun Pasifik, akwai wani wuri Blue Corner da ya yi suna da haka, a Maldif ma ana yi. Ƙugiya ce marar kaifi da igiya kamar mita 2, ka saƙala ta a dutse ko mataccen murjani, ba mai rai ba, ka sa iska kaɗan cikin jile ɗinka, rigar nan ta masu nutso da ake hura ma iska, ka taso daga ƙasa, shi ke nan ba ka wahalar iyo ba ka ƙone iskar butel. Wurin tashi ne ake samun hatsari. Sai ka fidda iskar jile tukuna kafin ka cire ƙugiya, in ka manta ruwa ya cilla ka sama. Daga mita 10 zuwa bisa ruwa iskar da ke huhunka ninkewa biyu take, in ka riƙe numfashi huhu na iya yagewa. Shi ya sa ake hawa sannu, kada a wuce wajen mita 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5.

ISUFU: Donk mu ma mu sayo.

LAWALI: Ka saƙala ta ga mi? Can suna ganin dutsen da idonsu. Nan yashi ne da laka da icen da ruwa ya kawo, ka kama kututture ya tashi da kai ku tahi Gaya tare. Ni dai ban ba kowa shawarar ƙugiya a gulbin nan, kayan masu yawon buɗe ido ne a ruwa mai haske.

HADIZA: Yaran nan na Tailan fa, da ruwa ya rutsa da su cikin kogo a 2018?

LAWALI: Kogon Tam Luwang, yara 12 da mai horar da su. Ruwan can ma laka ne, igiya anka shimfiɗa tun daga baki, ita masu nutso sunka bi shiga da hita har anka fiddo su duka 13, amma wani tsohon sojan ruwan Tailan ya rasu cikin aikin. Dokar kogo ke nan, hannu bai barin igiya, kuma iska kashi uku ake raba ta, ɗaya na shiga, ɗaya na hita, ɗaya ajiya.

ISUFU: Akwai wani balan-balan ja da na ga suna sakowa.

LAWALI: Farashut, don masu jirgin inji su san akwai mutum ƙasa kada farfela ta same shi. Shi ma in za ka hura mishi iska, abin naɗin zaren a hannu ake riƙe shi, kada ka maƙala a jikinka, in zare ya sarƙe sai ka saki ya tahi shi kaɗai.

ISUFU: To Tonton ni ban shiga ruwa, amma riƙon igiya ina iyawa ko?

LAWALI: Kana iyawa in an koya maka, da rigar ceto a jikinka, kuma talho ɗinka na cikin jakar Hadiza har a gama. Kai ma kada ka naɗa igiyar a hannu, ta jawo ka ciki mu koma neman mutum biyu.

HADIZA: Kun dai ji. Masu tambaya ku turo ta WhatsApp, mako mai zuwa zancen dorinar Ayoru za mu yi da masunta. Sai an jima.